Hujjar Da Ta Maƙale A Bakin Arivazhagan

Arivazhagan ya girme mu duka a sashenmu na masu neman digirin digirgir a jami'a a birnin Chennai. Ya daɗe yana koyar da lissafi a wata sakandare a garin Tirunelveli, sai da furfura ta fara fito masa ya ajiye aiki ya zo ya zauna cikinmu. Yaya Arivu muke ce masa. In ya shigo da ƙurar alli a wando sai in miƙe in ce, "Kowa ya yi shiru, hedimasta ya iso!" Shi kuwa ya ce, "Zauna, ɗan banza, kafin in sa ka kama kunne."

Aikinmu shi ne gano wace matsala kwamfuta za ta iya warwarewa da sauri, wacce kuma duk dabarar da aka kawo sai ta ci lokaci. Yaya Arivu ya kama wata mai taurin kai, yana so ya tabbatar ba ta da gajeriyar hanya. In hanya na nan, nuna ta kawai za ka yi. Tabbatar da babu ita ne ke tsufar da mutum. Malamarmu, Farfesa Ranganayaki, ta ce ya ɗauki ƙarama ya gama ya koma gida. Ya ƙi.

Shekaru suka ja. Waɗanda suka zo bayansa suka gama suka tafi ƙasashen waje. Matarsa Kayalvizhi, in ta gan mu, sai ta ce, "Ga ɓarayin mijina nan, ku da allonku."

Wata safiya da damina muna cin idli, wata irin wainar shinkafa, da kofi a rumfar bakin ƙofa, Yaya Arivu ya damƙe hannuna.

"Ƙanena, na gano hujjar."

"Haka ka ce bara. Tashi mu je allo."

"A'a. Na sha kunya a gaban Malama. Bari in ƙara juya ta a raina, Litinin sai in nuna muku."

Bai kai Litinin ɗin ba. Ya faɗi a gida yana sa riga, jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa. Ya rayu, amma ɓarin damansa ya shanye, magana ta tafi. Yana ji, yana ganewa, sai dai kalma ɗaya ta rage masa, "to". Ko a'a yake nufi, ita ke fitowa. Ya gwada rubutu da hagu, alamomin suka ƙi haɗuwa.

Malama ta sa aka kai ƙaramin allo gidansu. Duk mako mu je, ni da ita, mu rubuta abin da muke zaton yana nufi, shi kuma ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Ran nan Malama ta ja wani layi, sai ya buga katifa da hannu, alamar ta dace, idonsa ya kawo ruwa. Muka bi wannan hanya wata da watanni, muka zo wani mataki muka cije. Yana kallon allon, leɓensa na rawa, ya san abin da ke gaba ko yana ganin ya sani, ba halin faɗa. Ya juya fuska bango.

Kayalvizhi ta raka mu tsakar gida. "Malama, ina roƙonku, ku ɗauke allon nan. Duk ranar da kuka zo ba ya cin abinci."

Ni na koma na ɗauko allon, ban iya kallon gadon ba.

Ɗan abin da muka tsinta muka buga shi a mujalla, sunansa a gaba. Digirin kuwa bai samu ba, don sai mutum ya tsaya ya kare aikinsa da bakinsa. Suka koma Tirunelveli wurin dangin Kayalvizhi.

Bayan na gama nawa karatun na je gaishe shi. Ya rame, amma ya gane ni, ya shafa kaina. Na zo da niyyar tambayarsa ko hujjar na nan a kansa har yanzu. Muka zauna a baranda har rana ta yi sanyi, ina ba shi labarin wa ya yi aure, wa ya samu aiki, yana murmushi da gefen baki. Ban tambaya ba.

Da shekara ta zagayo Kayalvizhi ta kira ni a waya. Ta ce ya cika da hantsi, a kan kujerarsa, kuma tana so ni in sanar da Malama, don ita ba za ta iya ba.