Ƙarfen da Ba Ya Yin Ja

Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ni ma na yi nawa canjin: na bar baƙin ƙarfe na koma sanholo, wato alminiyam. Gidanmu a Fagge gidan ƙira ne kaka da kakanni, amma lauje da fartanya sun daina ciyar da gida a tsakiyar birni, ga masu sayar da abinci kullum suna neman ludayi da faranti. Baba bai hana ni ba. Idonsa ya riga ya tafi a lokacin, bakinsa ne dai yake nan garau. Ya ce, "Sanholo? Ai gwangwanin madara ne ya girma. Ran da ka ƙera mini kwano mai zurfi da shi, babu ɗinki babu walda, ran nan zan kira ka maƙeri."

Daga nan ya koma ce mini mai gwangwani. Ciniki na tafiya, yara na ƙoshi, amma sunan nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina da shekara arba'in, ga furfura ta fara, ban ƙi in ji kalmar nan ɗaya daga bakinsa ba kafin Allah ya yi ikonsa.

Na fara bugun fallen sanholo da sanyinsa, kafin ya yi zurfin tafin hannu sai gindin ya yage. Na ce to, wuta ce maganinsa. Mu 'ya'yan maƙera launi muke jira, sai ƙarfe ya yi ja muke ɗauko awartaki. Na sa falle a garwashi, ina zuga ina jiran ja. Yana nan fari fat kamar ba shi ake gasawa ba, can sai ya zube ya zama ruwa. Sau uku ina haka. Baba daga zaure yake ɗaga murya: "Ya sake narkewa ko?"

Wanda nake sayen falle a wajensa wani dattijon Ibo ne a Sabon Gari, tsohon ma'aikacin masana'anta, yana da injin murza ƙarfe a bayan shagonsa. Da na ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ba a daɗe da taɓa ni ba nake hawa, na miƙe zan tafi.

"Zauna, Malam," in ji shi. "Wannan ƙarfe ba ya ja. Ko ka jira har wani zaɓen, ba zai yi ba."

Ya ɗauko falle, ya kankare fuskar fallen da burushin waya, ya ninka biyu, ya tura cikin injin. Ya fito siriri, biyun sun haɗe sun zama ɗaya. Ya sake kankarewa, ya ninka, ya tura. Na ƙirga har bakwai, na ce, "Oga, wahalar da shi kawai kake yi."

"Ita ake so," ya ce. "Ƙarfe ƙwayoyi ne a ciki. Yanzu tsaki ne, muna mai da shi gari. Ka taɓa ganin an miƙar da ƙullin tsaki? Garin da ya yi laushi ne ke miƙewa bai tsinke ba."

Sannan ya goga sabulun wanki a jikin fallen, ya ce in ɗora a wuta, da zarar zanen sabulun ya yi baƙi zafi ya isa. Abin da ya ci mini falle uku ke nan, sabulu! Muka ɗora fallen a kan wani ƙoƙon ƙarfe mai garwashi a ƙasa, muka saita dunƙulen ƙarfe a bisa da jak ɗin mota. Hannuna na ƙaiƙayin guduma, ya ce ko kusa. Danna ɗaya, a tsaya, a sha hira, a ƙara ɗaya. Rediyonsa na ta kawo jawaban sababbin gwamnoni, mu muna gardamar ko za su kai labari. Tun hantsi har la'asar sanholon nan yana nitsewa a hankali, yana miƙewa kamar ƙullin alkaki, ko tsaga babu. Ban taɓa ganin ƙarfe ya yi biyayya haka ba, kuma ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba.

Na gyara bakin kwanon, na goge, na nufi gida da shi a hammata. Baba na zaune a zaure. Na durƙusa na sa masa a cinya. Ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne. Ya zura hannu har wuyan hannu ya shige. Sai ya bi shi da babban yatsa, ciki da waje, yana neman ɗinki. Ya zagaya sau uku. 

 Ya juya wajen ƙofar cikin gida, ya ɗaga murya yadda maƙwabta ma sai da suka ji, ya kira maiɗakina: "Ke! Zo ki dama mini fura a kwanon nan da maƙeri ya kawo."