Motar da Na Shafa wa Kitse

Lokacin da nake makarantar boko a Sakkwato, mota ba ta yi yawa ba. Wadda na fi sani ita ce ta Baturen da ke zuwa duba makarantarmu, baƙa, mai rufin tamfol. In sun iso, direban yakan tsayar da ita gindin tsamiya, ya yi ta goge ta da tsumma, da tsumman nan kuma yake korar duk wanda ya matso.

Ni bai taɓa korata ba, domin ban taɓa matsowa ba. Ina da kunya irin wadda ko gaisuwa sai na maimaita ta a zuci kafin in furta. Daga bayan azurenmu na karatu nake leƙenta, littafi a buɗe a hannuna don kada a ce kallo nake yi.

Wata rana bayan girbi, malaminmu na aikin hannu ya ce Bature zai dawo da bazara, kuma kowa ya yi wani abu da hannunsa. Wanda nasa ya fi kyau, za a ɗauke shi a motar zuwa Ƙofar Kware, a komo da shi. Tun daga ranar ban sake son wani abu a duniya ba sai in ga kaina cikin motar nan.

Na yanke shawarar in yi motar kara. Wannan ba sabon abu ba ne, yaran unguwarmu sukan ƙera ta da hantsi, su ɗaura mata zare, kafin la'asar sun karya ta. Tawa ba za ta zama irin wannan ba. Na riga na shirya mata tun ban san zan yi ta ba, domin duk sanda motar Bature ta tashi, nakan je inda ta tsaya in auna sawun ƙafafunta a rairayi da tafin hannuna, in rubuta a bayan littafin lissafi. Na ƙudura kowane tafi ɗaya na babbar mota ya zama faɗin farcena ɗaya a ƙaramar.

Na ɗauko karan dawa daga gonar kawuna a Dundaye, na zaɓi miƙaƙƙu. Ɓawon karan na tsaga na yi jikin motar, totuwar cikinsa mai laushi na yi kujeru, na lulluɓe su da guntun jar fata da na roƙo wurin dukawa. Ƙafafun na sakaina ne, na yi kwanaki ina goga su a dutse har suka zama daidai da juna. Ƙayar aduwa ce ƙusata. Fitilu biyu na gaba na yi su da ɓawon ƙwan zabo, sai da na fasa masu yawa kafin biyu su yarda. Don gilashi kuwa, da yake mu mahauta ne, na samo tantanin saniya na shanya shi har ana ganin yatsa ta cikinsa. Ƙofar hagu sau huɗu ina cire ta don ta fi ta dama da abin da bai kai kaurin zare ba. Ba wanda zai lura, amma ni na sani.

Fenti ne ya ba ni wahala. Na dama baƙin tawada da gawayi da ƙaro, na shafa da gashin kaza, shafi uku. Ta yi baƙi ƙirin, amma baƙin nata ya mutu, kamar gindin tukunya. Ta Bature kuwa har fuskar direba ake gani a jikinta.

Ana saura kwana biyu na kai wa babana abinci a mahauta, sai idona ya faɗa kan gungumen da yake sara nama a kai. Gefensa yana sheƙi kamar an zuba masa ruwa.

“Baba, mi ka sa itacen ga ƙyalli?”

Ya dube ni, ya dubi maƙwabcinsa na rumfa. “Ka ji ɗan boko. Duk karatun ga ba a gaya musu ba? Kitse na, malam, kitse!”

“Ina son kaɗan.”

“Gasawa za ka yi? Alhamdu lillahi, yau ɗana ya tuna gidansu.”

“Mota za ni shafa ma.”

Maƙwabcin ya ajiye wuƙa don ya ji daɗin dariya. Babana ya yanko mini dunƙule mai kyau, ya ce, “Ungo, na bijimi na. In ta yi ƙiba ka kawo ta mu auna.”

Na narka shi a kasko, na shafe motar da tsumma, lungu lungu, har ƙarƙashinta inda ba mai dubawa. Wallahi ta yi kyau. Na ga hancina a ƙofarta. Ƙamshin da take yi kuwa ban ji shi ba, domin duk gidanmu haka yake ƙamshi, har littattafaina.

Ranar da aka sa, aka shimfiɗa tabarmi a filin makaranta tun da safe, kowa ya ajiye abinsa ya tsaya a bayansa. Akwai mafici, akwai kube, akwai faifai. Na kusa da ni, wani ƙato ɗan ajinmu, igiyar guga ya tuƙa. Na tausaya masa a zuciyata.

Bature bai zo da wuri ba. Rana ta ɗago, irin ta bazararmu. Motata ta fara gumi. Sai ƙuda ɗaya ya sauka a kan rufin, ya koma ya kirawo danginsa. Na sa hular kaina ina fifita, a hankali, don kada iska ta ɗauke fitilun.

“Kai, tsire ka kawo muna?” in ji mai igiya.

Na ci gaba da fifita.

Wajen azahar motar Bature ta shigo. Direba ya buɗe ƙofa, amma kafin Bature ya sauko da ƙafa, wani jan kare mai dogayen kunnuwa ya diro. Ban taɓa ganin ya zo da shi ba. Yara suka watse, kowa na tattare riga kada ya taɓa shi. Karen bai kula mafici ba, bai kula kube ba. Ya ɗaga hanci sau ɗaya, ya taho wurina kai tsaye kamar mun yi alkawari. Ya lashi rufin, ya lashi ƙofar hagu, sannan ya buɗe baki ya ɗauke ta gaba ɗaya. Na ji ƙarar ƙwan zabo. Ya juya a guje, ya haye motar ubangidansa, ya shige ƙarƙashin kujera.

Da na yi ihu, ko na bi shi, wataƙila da an ceci wani abu. Ni kuwa na tsaya da hula a hannu. Har na ji bakina yana ce wa malam, “Ba komi.”

Bature ya leƙa, ya kira karen, karen ya yi gurnani. Bature ya dawo yana dariya, ya tambaya da Hausarsa, “Na wane ne? Mene ne shi?”

Amsar tana bakina: awo, watanni, ƙofa sau huɗu. Ta ƙi fita. Malam ne ya nuna ni, ya ce, “Mota ce, ranka ya daɗe. Mai kyau ce ƙwarai.”

“To, ban gani ba,” in ji Bature. Ya zagaya tabarmin, ya ja igiyar guga da ƙarfi bai ga ta tsinke ba, ya ce ita ce ta ci.

Ina tsaye a rana aka sa mai igiya a kujerar baya, suka fita. Da suka komo ya sauko yana gumi, yara suka kewaye shi. Na jira har suka ragu, sannan na matsa, na tambaye shi yadda cikin motar yake.

“Wa ya gani? Karen ga na ƙarƙashina yana tamna, ni ƙafafuna ni ka tsaro.” Ya share fuska da hannun riga. “Amma kai ka yi murna. Motarka ta kai Ƙofar Kware. Can ya tofar da ƙafa guda.”