Katin Kawu Bai Yi Ƙarya Ba

Shekara takwas ke nan da rasuwar Kawu Labbo, yayan Innata, kuma sai bana na iya ɗaukar alƙalami a kansa da sanyin zuciya.

Kawu akawu ne a wani ofishin ayyuka a yankinmu na Gummi. Kowace takardar kwangila yakan buɗe mata kati: sunan ɗan kwangila, irin aikin, ƙauyen da za a yi shi. Da katin ake tura ma'aikata, ita takardar tana kulle a kabad. Yakan ce su biyun saniya ce da maraƙinta, ba a kora ɗaya a bar ɗaya.

Sai aka haƙa wata rijiya a ƙauyen da ba shi ba. Takarda ta ce wajen Bukkuyum, kati ya ce wajen Anka. Aka ce tsufa ya kama Kawu. Bai yi musu ba, ya ajiye aiki, bai kuma shekara ba ya koma ga Mahaliccinsa.

Ni ba mai yawan magana ba ne, ban iya kare shi a lokacin ba. Amma da na zo aikin kammala karatun kwamfuta, na tsara manhajar da ke ɗaure takarda da katinta: in an taɓa ɗaya, ba ta yarda a rufe sai an gyara ɗayan, kuma tana nuna duk inda suka saɓa. Na roƙi tsofaffin fayil-fayil na ofishin Kawu don gwaji. Ranar da na shigar da na rijiyar, ina tsoron in tabbatar da abin da ake faɗa.

Ashe takardar aka sauya daga baya. Kwanan watan gyaran ya faɗo lokacin da Kawu ke aikin Hajji, kuma ba wanda ya sanar da shi da ya dawo. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Da yana raye, na san ba zai yabi na'urar ba. Zai gyara tabarau ya tambaye ni wa ke duba ta ita ma.

Na kai wa Inna labari tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

"Kai ne ke buƙatar na'ura," in ji ta. "Ni tare muka tashi."

Kawu bai bar gida ko gona ba. Ya bar ɗaruruwan katuna da rubutunsa, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban sami kuskurensa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.