Shekarar da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Ana cewa mu Kurfayawa haƙuri gare mu. Ba haƙuri ba ne, sabo ne, kuma a idona ya shige mu.

Ina ƙarama a ƙauyenmu, kusa da Filinge, tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba. Suna suke raɗa mata, shi ma sai wadda ta zo da abin da ba a taɓa gani ba. Bayan girbi kakata da sa'o'inta kan taru bakin rumbu suna sussukar hatsi, ƙaiƙayi na cin wuyanmu, su yi ta gardama har suna ya zauna. Akwai shekarar fara, akwai ta ruftawar rijiya. Wadda ba ta kawo komai ba, haka take wucewa.

A kwaleji malaminmu na Ingilishi ya taɓa raba mana allo biyu: hagu kalmomin abin da ba a taɓa yin irinsa ba, dama na abin yau da kullum. Na haddace su tas. Ranar da soja suka karɓi mulki, radiyo na ta kiɗin soja, na dawo gida daga lakwal, wato makaranta, da gudu, na ce wa kakata bana kam an samu suna.

"Ke 'yal lakwal, zamna," in ji ta. "Wanga kiɗi na radiyo, tun ubanki na goye nike jin shi."

Shekaru bayan nan masu bindiga suka tare motar kasuwa. Aka raɗa: shekarar mota. Kwana bakwai ana zaman makoki, har daga Damana aka zo gaisuwa. Karo na biyu kwana uku aka yi. Babana yana cikin mota ta huɗu da aka tare, zai kai tumaki biyu kasuwar Baleyara. An kawo shi da hantsi, an rufe shi kafin azahar, da la'asar maƙwabta suka koma gona don ciyawa ba ta jira. Ban yi kuka ba. Na wanke kwanonin baƙi.

Da aka yi girbi na tambayi kakata sunan shekarar. Ba ta ɗago daga faifanta ba.

"Mi ta kawo da ba mu gani ba bara?"

Ɗanta na fari ke nan fa.

Yanzu ta rasu, sa'o'inta saura biyu, kowa a waya yake duba shekara. Jiya autarmu, wadda aka haifa wata biyu bayan rasuwar Baba, ta tambaye ni shekarar me aka haife ta. Shekarar ba ta da suna.

Gobe zan je wurin tsofaffin nan biyu, in zauna, ba zan tashi ba sai sun raɗa wa shekarar suna. In sun ƙi, ni zan raɗa, in koya wa yarinyar, ta yi ta faɗa wa duk wanda ya tambaye ta.