Furar da na dama wa Inna

Shekarar da rijiyar garkarmu ta Dabaga ta ƙafe, sojoji na kan mulki, na ɗauko Inna, mahaifiyata, na dawo da ita gidana a Agadas. A nan na gane tana ganin jini in ta zaga. Ta ce basur ne, ta sha saiwoyi har ta gaji. Likitan garinmu ya ce a kai ta Yamai a ɗauki hoton hanjinta da sikanar. Wata biyu na yi ina lallashi, don ta ji labarin ta ƙasa ake sa bututu a hura wa mutum iska.

"Sau ɗaya," ta ce mini. "Ba zan tuɓe wa baƙi sau biyu ba. Kin ji?"

Na ce na ji. Amma ni halina ne, ban taɓa yarda wani ya fi ni sanin abin da ya dace da uwata ba.

Likitar Yamai yarinya ce, na girme ta nesa ba kusa ba. Ta zaunar da mu ta yi bayani: akwai ɗan tsiro da ke fitowa a bangon hanji, bai kai ƙwayar wake ba, ido kan tsallake shi. Ordinatar, wato kwamfuta, ita ce ke bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, duk inda ta ga ɗan tudu sai ta zagaye shi don likita ta duba. In an cire shi yana ƙarami, shi ke nan. Sai dai guntun abinci ma tudu ne a wurinta. Saboda haka jajiberin ranar, ban da ruwa da maganin wanke ciki, kada komai ya shiga bakin Inna.

A shekarar da mata ke tonon gidan tururuwa neman hatsi, a ce in hana uwata abinci da gangan! Ranar jajiberin, da la'asar ta yi, Inna ta zaga bayi ya fi a ƙirga. A jakata kuwa akwai garin fura da na taho da shi daga gida, irin namu, da cuku da dabino dake a ciki. Na dama rabin ƙwarya na miƙa mata.

"Likita ta hana," in ji Inna.

"Fura ai ruwa ce, Inna. Yarinyar nan me ta sani game da yunwa?"

Ta ga na ɓata rai, ta karɓa ta sha. Har daɗi na ji, wai na yi abin kirki.

Washegari aka shiga da ita. Da ta fito ta ja mayafi har goshi, ba ta dubi kowa ba. Can likita ta kira mu ta juyo mana da allon. Zagaye ne ko'ina, kamar an watsa gero a tabarma.

"Madam, Hajiya ta ci wani abu jiya?"

"Ko ƙwaya," na ce. Bakina ya riga hankalina.

Likita ta sake duban allon. Ta ce in haka ne, to lamarin babba ne. Na ga fuskar Inna, na san lokacin faɗin gaskiya ya yi, amma sai na kama kallon takalmina.

"Ƴata," Inna ta ce wa likita, "ni na sha fura. Ƴar nan tawa ta fita alwala na buɗe jakarta. Kwaɗayin tsufa ne."

Matar da ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba ta mai da kanta ɓarauniya a gaban yarinya, don ta rufa mini asiri. Likita ta yi mata faɗa a hankali kamar ƙaramar yarinya. Ta ce hoton ya ɓaci, cikin zagayen nan mai yiwuwa akwai na gaske, dole a sake. Na tsaya ina gyaɗa kai kamar da ni ake faɗan.

A waje na durƙusa na roƙe ta, har da kuka. Ta gyara mayafinta ta ce, "Na ce miki sau ɗaya." Muka hau kar, babbar motar haya, muka koma Agadas, ba ta ƙara ta da maganar ba.

Damina biyu bayan haka ƙari ya toshe mata hanji. Likitan da ya duba ta ya ce irin wannan da ɗan ƙarami yake farawa. Ban sani ba ko yana cikin zagayen nan, kuma ba zan taɓa sani ba. A kwanakinta na ƙarshe ta nemi fura, na dama, ko ludayi ɗaya bai zauna ba.

Ranar sadakar uku mata suka cika tsakar gidana. Wata ƙawar Inna daga Dabaga ta kama hannuna ta ɗaga murya don kowa ya ji: "Allah ya ba mu ƴa irin wannan. Ko a shekarar fari ba ta bar uwarta ta wuni da yunwa ba."

Duka suka ce amin. Ni ma na ce amin.