Ranar da Na Tsayar da Honarabul a Layi

Ko zan manta komai na zamana a Doha, ban da yammacin nan a ƙofar filin wasa na Al Thumama, lokacin gasar kofin duniya. Ni mai gadi ne, aikina duba tikiti da tsayar da mutane a layi. Aikin nan shi ke ciyar da mahaifiyata da ƙannena, don haka nake kaffa-kaffa da shi.

Ina cikin aiki sai ga wani mutum da babbar riga, da yaransa uku, sun tsallake layi sun nufo ni. Kallo ɗaya na gane shi: ɗan majalisar mazaɓarmu ne, wanda tun ina sakandare yake kan kujerar. Shi ne ya aza harsashin asibitin garinmu har sau biyu, ginin bai taɓa kaiwa rufi ba. A shekarar korona mahaifina ya cika a bayan mota, a hanyar asibitin birni. Jirage ba sa tashi, ta waya na karɓi gaisuwa.

Abin da ke ƙona min rai har yau, kafin in ankara na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe." Da kakina da komai! Ya washe baki ya tambayi garinmu, na faɗa.

"Ashe ɗana ne. To ka buga gida ka ce su sake yin mu."

"Wa zan buga wa? Babana ya rasu a hanyar asibiti."

"Allah ya jiƙansa," ya ce, idonsa na kan waya, ƙafarsa ta riga ta yi gaba.

Nan na tare hanya na ce ya koma bayan layi. Wani cikin yaransa ya matso yana huci. "Kai wane ne? Ku na waje ko ƙuri'a ba ku da ita." Na ce na ji, amma layi dai sai an bi. Honarabul ya tsaya bayan wasu leburori yana zufa har aka take wasa.

Maganar ƙuri'ar nan ta tsaya min a wuya. Akwai wani malamin jinya a garinmu da ya riƙa duba marasa lafiya a zaurensa lokacin korona, ya fito takarar kujerar Honarabul a wata ƙaramar jam'iyya. Ranar Juma'a a Asian Town, inda mu ma'aikata baƙi muke haɗuwa, da na ce shi zan zaɓa abokaina suka yi ta min dariya, wai mutumin ko ubangida ba shi da shi. Na ce ai abin da ya sa nake son sa ke nan.

Na nemi hutu don in je zaɓe. Kafil, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, ya ce, "In ka tafi, khalas, shi ke nan, kada ka dawo." Na yi sati ina juya maganar. Mahaifiyata ta ce in yi abin da hankalina zai kwanta da shi. Na tattara jakata, na dawo gida na jefa ƙuri'ata.

Malamin jinya bai ci ba, aikin ma ya tafi. Yanzu Keke Napep nake ja, kuma wani lokacin nakan yi kewar albashin nan. Amma na koyi abu ɗaya. Shekara da shekaru muna zagin mutanen nan a ɗaki ba su ji ba, domin fushin da bai ci maka komai ba surutu ne kawai. Nawa ya ci min aiki, kuma a akwatin unguwarmu an ƙirga shi.