Kawu Ba Ya Tashi da Ci

Kawuna direban jirgin ruwa ne. Tun kafin a haife ni yake ɗaukar mutane da buhunan shinkafa da awaki daga bakin ruwan Yelwa zuwa ƙauyukan tsallake, ranar kasuwa kuwa har Wara yake gangarawa. Sai wata safiya yana cikin ɗaure igiya ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka yi jinya, Allah ya kawo sauƙi, aka dawo da shi gida da baki a ɗan karkace da ƙafa yana ja. Likita ya faɗa a gabana, ya kuma maimaita: in bai riƙa takawa kullum ba ƙafar za ta sandare, daga nan kuma sai dai a riƙa ɗaukarsa.

Kawu ya ce to, ya shiga zaure ya zauna. Tasharsu ta jirage ba ta da nisa da gidan, daga zauren kana jin tashin inji, amma ya ƙi leƙa ko ƙofar gida. Ba ciwo ne ya hana shi ba, kunya ce. Mutumin da in ya daka tsawa daga tsakiyar ruwa ana ji a gaɓa, shi ne za a gani yana jan ƙafa yana goge miyau? Abokan aikinsa suka yi ta zuwa gaisuwa, yana rufe baki da gefen mayafi yana amsawa a taƙaice, har suka gane ba ya son a gan shi suka ja jiki. Matarsa, wadda tun ina yaro nake ce wa Inna, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta jingine masa sanda kusa da tabarma. Sandar ta zama abin rataya hula.

Ni malamin firamare ne, kuma a lokacin na kamu da wani wasan kati a waya, irin wanda ake tara katunan. Kowane kati da hotonsa, wani dabba wani mayaƙi, da lambar ƙarfinsa a ƙasa. Ka jera naka, abokin karawarka ya jera nasa, a yi ta bugawa har na wani ya ƙare. In ka ci a ba ka sabon kati ka ƙara a tarinka. Ba ya buƙatar data, don ba da mutum kake yi ba, da kwamfutar cikin wayar ne, sai dai sun zana mata fuskar wani mai gemu da hular ƙarfe. In na tashi daga makaranta nakan biya zauren Kawu, mu gaisa, ya yi shiru, ni kuma in ciro waya don kada shirun ya kashe ni.

Wata rana na ji ya ce, “Malam, wanga katin kada da ka aje, ɓarna ta. Da ka bari sai ya hiddo nashi.”

Ashe duk kwanakin nan ta gefen ido yake kallo. Na manta cewa shi tsohon ɗan karta ne. A tasha, kafin jirgi ya cika, ƙarƙashin rumfa suke zama su yi ta bugawa, ba caca ba, don dai a samu wanda za a yi wa dariya. Washegari na kawo masa tsohuwar wayata na nuna masa inda ake dannawa. Bai iya Turanci ba, amma lamba ai ba ta da yare. Hannun dama lafiyarsa lau. Kafin mako ya zagayo ya fi ni sanin katin da ke cin wani, ya kuma raɗa wa mai gemun nan suna Baƙo. Da safe sai ya gaishe shi kafin ya taɓa kati.

Na yi murna, don na fara jin muryarsa. Inna kuwa ba ta yi ba. Ta tare ni a tsakar gida tana tankaɗe ta ce, “An ce a tashe shi, kai kuma ka kawo mishi abin da za ya ƙara liƙe shi ga tabarma. Sannu da taimako.” Gaskiyarta ce. Tuwo yakan huce a gefensa, a kira Azahar yana zaune har sai lokaci ya kusa fita.

Akwai wani kati da Kawu ya ƙwallafa rai a kansa, na dorina. Yana cikin jerin waɗanda ba a samu ba tukuna, hotonsa a dusashe. Kawu ya san dorina ido da ido, ta taɓa bi masa jirgi a wajen Shanga, don haka ya ce duk tarin nan wasan yara ne in babu ita. Sharaɗin samunta shi ne ka yi ta ci a jere, ba faɗuwa ko ɗaya a tsakani. Abin da ya riƙa ba ni haushi, sai ya yi nisa, ya kusa, in dawo washegari in tarar ya koma farko. Rannan na zauna na zuba ido. Ya ci, ya ci, ya sake ci. Ladan ya kira La’asar. Sai na ga Kawu ya zubar da manyan katunansa ɗaya bayan ɗaya da gangan, kamar mai watsa wa kaji tsaba, Baƙo ya cinye shi. Ya ajiye waya ya ce in miƙo masa buta.

Na ce, “Haba Kawu, me ke nan ka yi?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. “Ba a tashi da ci. Wanda ya ci ba shi tashi sai wanda anka ci ya ce ya ishe shi. Haka muka yi ga tasha. Wanda anka kayar shi ka da ikon tashi.”

Sai a lokacin na fahimta. Duk wasan da aka gama, rubutu yakan fito yana tambaya ko za a sake, ni ne ma na fassara masa shi tun ranar farko. A wurin Kawu wannan Baƙo ne ke neman ramuwa. Kuma Baƙo bai taɓa cewa ya isa ba. Don haka in Kawu yana son ya yi salla ko ya ci abinci, dole sai ya ba da kansa an kayar da shi tukuna.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce inji ne, ba ya jin haushi, ba ya jin kunya, in ka kife wayar ka tafi Makka ka dawo za ka same shi inda ka bar shi. Kawu ya saurara da kyau, sannan ya ce, “To shi bai san kunya ba. Ni na sani.” Raina ya ɓaci, amma tausayinsa ya fi yawa. Duk abin da ya sani na tasha ciwo ya raba shi da shi, saura wannan ƙa’ida guda, kuma da inji yake kiyaye ta.

Haka aka yi ta yi har ruwa ya fara cika. Wata Asabar da hantsi na shigo na tarar ya yi gumi, idonsa a kan waya. Tun bayan karin kumallo yake ci, bai taɓa yin nisa irin na ranar ba. Ci ɗaya ya rage a ba shi dorina, ga shi Baƙo ya ƙara wuya, kowane wasa sai an daɗe ana ja. Yatsunsa sun gaji, yana danna inda bai nufa ba. Ya san in ya shiga na ƙarshen nan a haka zai faɗi, in kuma ya ajiye ya huta ya tashi da ci.

Na ce ya kawo in buga masa.

Ya janye wayar. “Ana riƙa ma mutum hannu ga karta, in jirginshi ya cika ya zan dole shi tahi. Amma sai ɗan tasha. Kai ɗan makaranta na.”

Na ce to bari in je in kira masa wani. Ya ce ba a kiran mutum daga bakin aikinsa don karta, mai hannu shi ke kai hannunsa. Ya juya yana kallon ƙofar zaure. Nan na hango abin da ke shirin faruwa. Can ya ce, “Cire hular ga daga kan sanda.”

Na tambaye shi, cikin tsokana, ko wannan ba tashi da ci ba ne. Ya ce a’a, ai tare da Baƙo za su tafi, ya jefa wayar a aljihun gaba ba tare da ya kashe ta ba.

Tafiyar da yaro zai yi kafin a gama daka yaji, mu sai da rana ta take muka kai. Ya tsaya ya huta a jikin katangar masallaci, ya sake tsayawa wajen masu banda kifi. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ya hau ya kai shi kyauta, Kawu ya ɗaga masa hannu ya wuce. Ya hana ni riƙe shi. Ina biye ina kallon layin da ƙafarsa ke ja a ƙasa. Da na waiga sai na hango Inna a ƙofar gida, ta dafa bango tana kallonmu.

A ƙarƙashin rumfa akwai wani tsoho Bagunge, daga mutanen tsibiran kogin, abokin kartarsa na shekaru, wanda ba su taɓa rabuwa ba tare da sun zagi juna ba. Da ya hango mu sai ya ajiye katin hannunsa. Ya dubi ƙafar, ya dubi bakin, sau ɗaya, sannan ya matsa a benci ya ce, “Kai dai kullum sai jirgi ya cika kaka zuwa.”

Kawu ya zauna yana haki, ya ciro waya. “Riƙa mini hannu. Kada ka ba ni kunya gaban baƙo.”

Tsohon bai taɓa ganin wasan ba. Kawu yana ce masa wannan, shi yana danna wancan, sauran direbobi sun yi cincirindo kowa da tasa shawara. Ba a jima ba Baƙo ya share su tas. Dorina ta tafi, aka koma farko.

Sai Kawu ya buɗe baki, babu mayafi, ya fara wanke tsohon nan: shi da kakanninsa da ba su san komai ba sai tsoma fatsa, da jirginsa mai yoyo, da hannunsa da ko kuturu ya fi shi riƙon kati. Maganar tana fita a karkace, wasu kalmomin ba sa fita sosai, amma har masu lodin albasa a bakin ruwa sai da suka juyo. Tsohon yana dariya yana ramawa, yana share ido da bayan hannu. Wani ya tattara tsohuwar kartarsu da ta yi laushi don shan hannu, ya fara rabawa, ya ajiye kaso ɗaya gaban Kawu ba tare da ya tambaye shi ba.

Na tsaya a gefe har na ga tsayuwata ba ta da amfani. Na sunkuya na ce, “Kawu, rana ta yi, mu koma ka ci abinci.”

Ya miƙo mini wayar bai ko dube ni ba, yana gyara katunan da hannu ɗaya a kan cinyarsa.

“Tahi ka ce ma innarka ta aiko mini da tuwona nan.”